Mawaƙan Jubili na Jami'ar Fisk

Mawaƙan Jubili na Fisk, waɗanda duniya ta sani da sunan Fisk Jubilee Singers, ƙungiya ce ta ɗalibai mawaƙa ta Jami'ar Fisk da ke birnin Nashville a jihar Tennessee ta ƙasar Amurka. An kafa ta a shekarar 1871 domin ta nemo wa makarantar kuɗi a lokacin da bashi ya kai mata iya wuya, kuma har yau tana nan, ɗalibai na shiga suna fita, wasu na gadar wasu, sama da shekara 150 ke nan. Ta yi suna ne da rera waƙoƙin ibada waɗanda bayi baƙar fata suka ƙirƙira a gonakin kudancin Amurka, galibi da zallar murya ba tare da kayan kiɗa ba. Ita ce ta fara fito da waɗannan waƙoƙi daga bukkokin bayi ta kai su manyan zaurukan Amurka da Turai, kuma da kuɗin da ta samo ne aka sayi filin da jami'ar take a kai, aka kuma gina mata gininta na farko na dindindin.

Makarantar da ta haifi ƙungiyar

Yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, ya ƙare da 'yantar da bayi kimanin miliyan huɗu. Kafin wannan lokaci dokokin jihohin kudu da dama sun haramta a koya wa bawa karatu da rubutu, saboda haka da 'yanci ya samu, abin da 'yantattun suka fara nema bayan abinci da matsuguni shi ne makaranta. An buɗe makarantar Fisk ranar 9 ga Janairu 1866 a cikin tsofaffin barikokin katako waɗanda sojojin arewa suka yi amfani da su lokacin yaƙi, da tallafin wata ƙungiyar mishan mai suna American Missionary Association. An sa mata sunan Janar Clinton B. Fisk, jami'in da ke kula da lamuran 'yantattun bayi a Tennessee. Cikin ɗalibanta na farko akwai ɗan shekara bakwai, akwai kuma dattijo ɗan shekara saba'in, duka a kan benci guda suna koyon haruffa. A 1867 aka yi mata rajista a matsayin jami'a, ko da yake a shekarun farko yawancin karatun da ake yi a cikinta bai wuce na firamare da horar da malamai ba.

Mai karatu a Sakkwato, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tashi a 1975 da kuɗin gwamnatin tarayya, zai iya mamakin yadda jami'a za ta dogara ga sadaka da gudummawa. Fisk ta wancan zamani ta fi kama da makarantar Islamiyya wadda mutanen unguwa suka haɗa hannu suka kafa, wadda idan masu taimako suka ja baya sai malamai su zauna ba albashi. Haka kuwa aka yi. Zuwa 1871 katakon barikokin ya fara ruɓewa, rufin yana yoyo, abincin ɗalibai ya yi ƙaranci, kuma ƙungiyar mishan da ke ɗaukar nauyin makarantu da yawa a kudu ba ta da abin da za ta ƙara bayarwa.

Ma'ajin makarantar a lokacin shi ne George L. White, Bature ɗan jihar New York wanda ya yi yaƙi a ɓangaren arewa, kuma shi ne yake koyar da waƙa. Da yake shi ke riƙe da littafin kuɗi, ya fi kowa sanin cewa makarantar ba za ta kai labari ba, sai ya kawo shawarar ya ɗauki zaɓaɓɓun ɗalibansa su zaga jihohin arewa suna waƙa ana biya. Shugabannin mishan ba su yi na'am da shawarar ba, iyayen yara kuma sun ji tsoron abin da zai sami 'ya'yansu a hanya, amma White ya kwashe kusan duk abin da ya rage a asusun makarantar, ya haɗa da rancen da ya ci, suka shiga jirgin ƙasa ranar 6 ga Oktoba 1871.

Mutum tara na farko

Maza huɗu ne da mata biyar: Isaac Dickerson, da Benjamin Holmes, da Greene Evans, da Thomas Rutling, sai Ella Sheppard, da Maggie Porter, da Jennie Jackson, da Minnie Tate, da Eliza Walker. Mafi yawansu a cikin bauta aka haife su, wasunsu kuma ba su kai shekara ashirin ba. Holmes ya koya wa kansa karatu a ɓoye tun yana bawa a birnin Charleston, ta hanyar duba rubutun da ke jikin allunan shaguna. Porter ta riga ta yi koyarwa a ƙauye tun tana yarinya, inda masu ƙin jinin ilimin baƙar fata suka ƙone makarantar da take aiki.

A cikinsu wadda tarihi ya fi cancanta ya tsaya a kanta ita ce Ella Sheppard, wadda aka haifa a Nashville a 1851. Mahaifinta bawa ne da ubangijinsa ya bari yana sana'ar kansa yana biyan wani kaso, tsarin da ya yi kama ƙwarai da abin da Hausawa suka sani da murgu, kuma da abin da ya tara ya fanshi kansa, daga baya ya fanshi Ella tana ƙarama a kan dala 350. Mahaifiyarta kuwa ba a yarda an sayar masa da ita ba, aka tafi da ita can ƙuryar kudu. Ella ta girma a Cincinnati inda ta koyi kaɗa fiyano, ta zo Fisk a 1868, kuma ba da daɗewa ba White ya mai da ita mataimakiyarsa. A tafiye-tafiyen ƙungiyar ita ce take kaɗa fiyano, ita take horar da muryoyi, ita take tsayawa a madadin White idan ciwo ya kwantar da shi, kuma ita ta tattara waƙoƙi masu yawa daga bakin 'yan'uwanta ɗalibai da iyayensu ta daidaita su yadda ƙungiya za ta iya rerawa. An daɗe ana ba da labarin ƙungiyar kamar aikin White ne shi kaɗai, wanda kuwa rashin adalci ne ga wannan baiwar Allah.

Tafiyar farko

Makonnin farko sun yi tsanani. Sun fara da jihar Ohio, kaka ta juya sanyi ya shigo, ga shi da yawansu ba su da rigunan sanyi na kirki. Masaukai sun riƙa korarsu saboda launin fatarsu, a tashoshin jirgi ana hana su zama a ɗakin jira, abin da ake samu a wurin waƙa kuma sau da yawa ba ya isa kuɗin abinci da na jirgi. Duk da haka, ɗan abin da suka samu a garin Chillicothe, wanda bai kai dala hamsin ba, sun ba da shi gudummawa ga mutanen Chicago, waɗanda babbar gobara ta cinye musu gari a cikin wannan wata na Oktoba.

Akwai wata matsala da ta fi ta sanyi. A wancan zamani abin da Turawan Amurka suka saba gani da sunan waƙar baƙar fata shi ne wasan da fararen fata ke shafa baƙin gawayi a fuska suna kwaikwayon bayi domin a yi dariya. Da mutane suka ji cewa baƙar fata za su yi waƙa, da yawa sun zo ne da niyyar kallon irin wannan wasa, sai suka tarar da samari da 'yan mata cikin shiga ta mutunci, a tsaye cik, suna rera waƙa cikin natsuwa. Wasu jaridu sun yi musu ba'a, wasu kuma sun rasa sunan da za su kira su da shi. A birnin Columbus ne White ya raɗa musu sunan Mawaƙan Jubili, daga shekarar Jubili da aka ambata a Littafin Firistoci sura 25 cikin Attaura, wato shekara ta hamsin wadda ake sakin bayi a cikinta, kowa ya koma ga danginsa da gādonsa. Bayin Amurka sun daɗe suna amfani da wannan kalma idan suna maganar ranar da za su sami 'yanci.

Al'amari ya fara juyawa a watan Nuwamba a garin Oberlin, inda suka rera waƙar "Steal Away" a gaban babban taron limaman coci, zauren da ke cike da hayaniya ya yi tsit. Daga nan fitaccen mai wa'azi Henry Ward Beecher ya gayyace su cocinsa da ke Brooklyn a watan Disamba, ya kuma yi kira ga attajiran da ke cikin jama'arsa su buɗe aljihu. Bayan wannan sai ƙofofi suka riƙa buɗuwa a New York da jihohin arewa maso gabas. A 1872 sun yi waƙa a gaban Shugaba Ulysses S. Grant a Fadar White House, sun kuma halarci babban bikin waƙa na zaman lafiya da aka yi a Boston. Tafiyar farko ta kawo wa makarantar dala 20,000, aka biya basussuka, aka sayi tudun da sojoji suka taɓa yin sansani a kansa, wanda shi ne harabar jami'ar a yau.

Waƙoƙin da suke rerawa

Abin lura shi ne ba da waƙoƙin bayi suka fita daga Nashville ba. Jerin da White ya shirya da farko na waƙoƙin Turawa ne, domin yana son ya nuna cewa 'ya'yan bayi za su iya abin da kowane ɗalibin waƙa zai iya, waƙoƙin iyayensu kuwa sai ɗaya ko biyu a ƙarshe. Su kansu ɗaliban ba su so rera su a bainar jama'a ba. Ella Sheppard ta bayyana daga baya cewa suna ganin waɗannan waƙoƙi a matsayin abin da ke tuna musu da bauta da baƙin zamanin da suke son mantawa, kuma a lokaci guda abu ne mai tsarki a wurin iyayensu, wanda suke rerawa a ibadarsu. Sai da suka ga yadda masu sauraro ke zubar da hawaye idan aka zo kansu, sannan sannu a hankali suka mai da su ginshiƙin shirin.

Turawa suna kiran waɗannan waƙoƙi spirituals, wato waƙoƙin ruhi. Ba a san wanda ya ƙirƙiri mafi yawansu ba, domin a gona da wurin ibadar dare suka tsiro, suka bi baki zuwa baki. Jigonsu daga labaran Littafi Mai Tsarki yake, musamman na Annabi Musa da Fir'auna da fitar Bani Isra'ila daga Masar, da ƙetare kogin Urdun, da Daniyel a ramin zakoki, kuma bawan da ke rerawa ya san sarai wane ne Fir'auna a rayuwarsa ko da bai ambaci suna ba. Ta fuskar gini kuwa, Bahaushe ba zai ji su baƙi ba: jagora ya ja baiti, jama'a su karɓa da amshi guda wanda ake maimaitawa, kamar yadda makaɗin fada yake yi da 'yan amshinsa a gaban Sarkin Musulmi, ko yadda ake yi a waƙoƙin gayya a gona da na mata a bakin turmi. Masana kiɗa sun yi ittifaƙi cewa wannan tsari na ja da amshi yana daga cikin abin da bayi suka tsallaka teku da shi daga Afirka ta Yamma. Haka nan ɗora ilimi da ta'aziyya a kan waƙa domin wanda bai iya karatu ba ya haddace, abu ne da ƙasar Sakkwato ta sani tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da matan da ta horar, waɗanda ake kira jaji, masu kai waƙoƙin karantarwa ga matan ƙauyuka.

Sai dai abin da Mawaƙan Jubili suka kai zaure ba daidai yake da abin da ake yi a bukka ba. White ya horar da su bisa tsarin waƙar coci ta Turai mai muryoyi huɗu, biyu na mata biyu na maza, wanda duk mai halartar coci a arewacin Nijeriya ya san shi a wurin 'yan kwaya da sunan murya ta ɗaya zuwa ta huɗu. Ya nace a kan fitar da kowace kalma sarai, da haɗuwar muryoyi har su zama kamar ɗaya, da iya sassauta murya ƙasa ƙwarai ba tare da ta ɓace ba, wanda ya zama alamar da ake gane ƙungiyar da ita. An bar tafi da buga ƙafa da rausaya da kukan da ke fita ba shiri. A 1872 masanin kiɗa Theodore F. Seward ya rubuta waƙoƙin da alamomin kiɗa aka buga su, ana sayarwa a ƙofar zaure, kuma ta wannan hanya da yawa daga cikinsu suka tsira daga ɓacewa.

Wannan gyara ya jawo muhawara da ba ta mutu ba. Marubuciya Zora Neale Hurston, wadda ta yi yawon tattara al'adun baƙar fata a kudu, ta yi suka a 1934 cewa abin da ƙungiyoyin makarantu ke rerawa sabon abu ne da aka gina a kan na asali, domin waƙar ruhi ta gaske ba a rera ta iri ɗaya sau biyu. Maganarta tana da ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa jin waƙar gargajiya a dandali sannan ya ji ta a faifai ya san abin da ke raguwa. Amma ya kamata a tuna da halin da ɗaliban 1871 suke ciki: suna tsaye ne a gaban mutanen da suka zo yi musu dariya, kuma natsuwar da suka zaɓa ita ce ta tilasta wa waɗannan mutane su saurara. Fitaccen marubuci baƙar fata W. E. B. Du Bois, wanda ya kammala Fisk a 1888, ya ɗauki waƙoƙin a matsayin mafi girman kyautar da baƙar fata suka ba Amurka, ya kuma keɓe musu babi guda a littafinsa na 1903.

Turai da ginin Jubilee Hall

A 1873 ƙungiyar, wadda a lokacin ta ƙaru zuwa mutum goma sha ɗaya, ta tsallaka zuwa Ingila bisa goyon bayan wani basaraken Ingila, Lord Shaftesbury. Ba su daɗe da sauka ba suka yi waƙa a gaban Sarauniya Biktoriya, inda suka rera "Steal Away" da "Go Down, Moses", daga baya kuma Firayim Minista William Gladstone ya karɓe su a gidansa. Mutanen da ake hana wa ɗakin kwana a Ohio sai ga su a teburin manyan Landan. A wannan shekara mai zane Edmund Havell ya yi babban hotonsu, wanda yake rataye a jami'ar har yanzu. Sun sake komawa Turai daga 1875 zuwa 1878, suka zaga Birtaniya da Holan da Jamus da Suwizalan. Jimillar abin da suka tara wa makarantar a waɗannan shekaru bakwai ta kai kimanin dala 150,000.

Da wani ɓangare na wannan kuɗi aka gina Jubilee Hall, katafaren bene na jan bulo wanda aka buɗe a watan Janairu 1876, gini na farko na dindindin da aka yi domin ilimi mai zurfi na baƙar fata a kudancin Amurka. A 1974 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Mawaƙan sun biya wannan nasara da lafiyarsu da karatunsu. Kusan kullum suna kan hanya, yau a wannan gari gobe a wancan, cikin sanyi da damshin da ba su saba da shi ba. Matar White ta rasu a Sukotilan a 1874, shi kansa ciwon ƙirji ya raunana shi. Holmes, wanda ya yi jayayya da shugabanni a kan haƙƙin mawaƙa, ya rasu da tarin fuka a 1875. Saɓani ya yi yawa tsakanin White da hukumar jami'a a kan yawan aikin da ake ɗora wa yaran, har a 1878 aka rushe ƙungiyar. Mafi yawan mawaƙan farko ba su koma aji sun kammala karatun da suka fita nema wa kuɗi ba, kuma Dickerson da Rutling sun zauna a Birtaniya har ƙarshen rayuwarsu. Sai a 1978, shekara ɗari bayan rushewar, jami'ar ta ba su digirin girmamawa na dakta a fannin kiɗa, alhali babu ko ɗayansu da rai.

Bayan mawaƙan farko

A 1879 White ya sake haɗa ƙungiya mai zaman kanta da wannan suna, wadda daga baya shugabancinta ya koma hannun Frederick Loudin, baƙar fata mai kakkaurar murya ɗan Ohio. Daga 1884 Loudin ya yi shekara shida yana zagaya duniya da ita, har Ostireliya da New Zealand da Indiya da Jafan. Ɗaya daga cikin mawaƙansa, Orpheus McAdoo, ya ɓalle ya kafa tasa ƙungiya, ya isa Afirka ta Kudu a 1890 ya yi shekaru yana waƙa a can, kuma tasirinsa ya shiga cikin salon waƙar ƙungiya na baƙar fatan ƙasar. Sauran makarantun baƙar fata na Amurka, irin su Hampton, su ma sun bi sawun Fisk suka kafa nasu mawaƙan neman taimako.

A cikin jami'ar kuwa, John Wesley Work na biyu ne ya farfaɗo da al'adar a ƙarshen ƙarni na 19, ya kuma duƙufa wajen tattara waƙoƙin da nazarinsu. Shi ya jagoranci mawaƙa huɗu maza waɗanda a 1909 kamfanin Victor ya ɗauki muryarsu a faifan garmaho suna rera "Swing Low, Sweet Chariot". A 2002 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa wannan faifai cikin rukunin farko na muryoyin da ƙasa za ta adana. Roland Hayes, wanda ya zama fitaccen mawaƙi a zaurukan Turai, ya bi ta cikin ƙungiyar, ɗan Work kuma, John Wesley Work na uku, ya shugabance ta a tsakiyar ƙarni na 20.

Daga 1994 shugabancin ya koma hannun Paul T. Kwami, haifaffen ƙasar Gana wanda ya zo Fisk a matsayin ɗalibi ya kuma yi waƙa a cikin ƙungiyar, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan muƙami. A zamaninsa aka shigar da ƙungiyar cikin zauren girmamawa na mawaƙan bishara a 2000. A 2007, shekarar da Gana ta cika shekara hamsin da samun mulkin kai, ya kai ɗalibansa can, suka yi waƙa a gidan kurkukun bayi na Elmina da ke bakin teku, ɗaya daga cikin wuraren da ake tsare mutane kafin a loda su a jirgin ruwa zuwa Amurka. A 2008 Shugaba George W. Bush ya ba ƙungiyar lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha, sannan a 2021, shekarar da ta cika 150, ta sami kyautar Grammy karo na farko. Kwami ya rasu a watan Satumba 2022 bayan shekara 28 yana jagorancinta.

Kowace shekara ranar 6 ga Oktoba jami'ar tana bikin Ranar Jubili domin tunawa da fitar mutum taran nan. Ana taruwa a ɗakin ibada na makarantar, ƙungiyar da ke ci ta yi waƙa, daga nan ɗalibai da malamai su nufi maƙabartun birnin Nashville inda aka binne wasu daga cikin mawaƙan farko, har da Ella Sheppard wadda ta rasu a 1914, su ajiye furanni su rera waƙa a kan kaburburansu.